WASA KO ZAGI? BAKIN 'YA'YANMU A GIDAN GEM

Da muka koma makaranta a nan Nariya bayan hutun Kirsimeti, sai muka ga wani abu a aji wanda ya tsaya mana a rai. Akwai yara biyu maza, kowannensu bai wuce shekara goma sha huɗu ba, waɗanda tun suna ƙanana benci ɗaya suke zama. Gonakin iyayensu ma iyaka ɗaya ce. In ka aiki ɗaya, to, ka aiki biyu ke nan. Amma ran nan sai ga ɗaya a gaba kusa da allo, ɗayan kuwa can baya wajen taga, ba mai duban wani. Mun ɗauka irin faɗan yara ne wanda ba ya kwana. Mako ya wuce, na biyu ya bi bayansa, sa'an nan muka ji cewa iyayensu maza ma sun fara gaisuwa sama-sama a bakin majami'a.

Sai muka kira ɗaya daga cikinsu bayan an tashi, muka zaunar da shi ƙarƙashin darbejiya, muka ce, "Yaro, me ya shiga tsakaninka da abokinka?" Ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da yatsan ƙafa, ya ce, "Malam, ai wasa ne kawai." Da muka matsa, sai ya warware mana zare da abawa. Ashe cikin hutu ne suka haɗa 'yan kuɗin da suka samu wajen kalar gyaɗa, suka hau babur zuwa Rano, suka shiga gidan gem. Suka buga ƙwallo a akwatin talabijin, shi wannan ya ci abokinsa shida ba ko ɗaya. Samari sun cika ɗakin, ana ta ihu a bayansu. Daɗin nasara ya ɗebe shi, ya miƙe tsaye ya jefa wa abokinsa wata magana da Turanci, wadda ya saba ji a wayar wansa in ana wasan harbe-harbe. Wani saurayi da ya yi zaman birni ya fassara wa jama'a da Hausa. Maganar kuwa a kan uwa take, irin wadda ba za mu iya rubutawa a wannan shafi ba. Ɗaki ya fashe da dariya. Abokin ya tashi ya fita, bai ko waiwaya ba. Uwar nan fa ita ce ta sha zuba wa su biyun tuwo a kwano ɗaya.

"Malam," in ji yaron, "ni ban san uwa ake zagi ba. Kowa haka yake cewa in ya ci."

Mun gaskata shi. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami ke nan, gama ba shi kaɗai ba ne, kuma iyaye da yawa ba su san abin da ke shiga kunnen 'ya'yansu yana fita ta bakinsu ba.

MENE NE GEM?

Domin iyayenmu waɗanda ba su taɓa leƙa irin wannan wuri ba, bari mu ɗan kwatanta. Gidan gem ɗaki ne ko rumfa, da benci biyu ko uku, da akwatin talabijin, da wata na'ura da ake kira PlayStation. Kamfanin Sony na ƙasar Japan ne ya fara fito da ita a 1994, ta biyu ta biyo baya a 2000, ta biyar kuwa a 2020. Yaro zai biya kuɗi a ba shi abin latsawa, wanda suke kira fad, shi da abokin karawarsa kowa ya zaɓi kulob, wannan Barcelona, wancan Chelsea, su buga na 'yan mintoci. Wasannin ƙwallo biyu ne suka yi suna: PES na kamfanin Konami, wanda aka sake wa suna eFootball a 2021, da FIFA na kamfanin EA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023. Dokar wurin gajeriya ce: wanda aka ci ya tashi, a wasu wurare kuma wanda aka ci shi ne zai biya. Mai karatu ya lura da wannan, gama inda aka haɗa kunya da asarar kuɗi, zuciya ba ta da wuyar tashi.

Wannan shi ne na fili. Akwai kuma na cikin aljihu, wanda ya fi shi yawa. Wayar hannu ta bazu a Nijeriya daga 2001, yau kuwa a ƙauyukanmu na Kibiya da Rano da wuya ka shiga gidan da babu ita, ga masu cajin waya a bakin hanya. A cikin wayar akwai wasannin yaƙi, irin su Free Fire da ya fito a 2017, da PUBG Mobile a 2018, da Call of Duty Mobile a 2019. A nan akan jefa mutum hamsin ko ɗari cikin fili ɗaya, su yi ta harbin juna har a bar mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya. Mutanen nan ba zane ba ne kawai. Bayan yawancinsu akwai mutum mai rai riƙe da tasa wayar, wani a Legas, wani a Akara, wani a Alƙahira, kuma suna jin muryar juna. Watau yaron da ka gani zaune a gindin rumbu da abin ji a kunne, kana tsammani shi kaɗai ne, ashe yana tsakiyar taron baƙi waɗanda ba ka san ko ɗaya daga cikinsu ba, shi ma bai sani ba.

Kada a ɗauka muna kira a farfasa wayoyi. Akwai yaron ajinmu wanda ya iya nuna ƙasashen Turai a taswira fiye da kowa, ba kuwa daga wurinmu ya koya ba, daga kulob-kulob ne. A duniya ma abin ya zama sana'a: a gasar da aka yi a birnin Riyad na Saudiyya a 2024, kyautar da aka raba ta haura dala miliyan 60. Mu dai a kan baki muke magana.

RANAR DA YARA SUKA ZAMA MALAMAI

Kowace sana'a da bakinta. Mahauta suna da nasu, 'yan kamasho a tasha suna da nasu, dillalan shanu ma haka. Saboda haka wata Jumma'a muka miƙa wa yara alli, muka koma benci muka zauna, muka ce su koya mana bakin 'yan gem. Ba mu taɓa ganin hannaye a sama da yawa haka ba, ko a darasin waƙa.

Suka fara da nub, watau sabon shiga, ɗan koyo. Sai bot, wanda asalinsa ɗan wasan da na'ura ke juyawa ne, ba shi da dabarar kansa, don haka in an ce da kai bot an ce ba ka da kai ke nan. Sai kamfa, shi ne mai laɓewa a lungu yana jiran wani ya gifta ya harbe shi, ana ganinsa matsoraci. Sai lag, sa'ad da intanet ta yi nauyi, hoto ya tsaya, kafin ya motsa an gama da kai. Wannan kalma ta ba mu dariya, gama yara suka ce duk wanda aka ci sai ya ce lag ne. Muka ce ashe ita ce "santsi ne ya ja ni" ta 'yan kokawa, aka yi mata sabuwar riga.

Akwai wadda ta burge mu ƙwarai. Haruffa biyu ne, GG, suna furta ta ji-ji. Taƙaitawar kalmomin Turanci biyu ce masu nufin wasa ya yi kyau. Wanda ya ci da wanda aka ci duka sukan rubuta ta in an gama, kamar yadda ake miƙa hannu a gaisa. Amma ɗan Adam bai bar ta haka ba. Sai wani ya ƙara mata haruffa biyu, EZ, a ce izi, watau da sauƙi, ko gumi ban yi ba. Shi ke nan gaisuwa ta koma mari. Abin ya dami wani kamfani mai suna Blizzard, har a 2016 ya gyara wasansa Overwatch yadda duk wanda ya rubuta wannan, sai na'ura ta share ta sa masa wata magana ta yi wa kai dariya, kamar ya ce lokacin barcinsa ya wuce, kada a gaya wa mamarsa. Wanda ya yi wannan dabara lalle ya san halin yara.

Sa'an nan suka jero na Hausa: an lallasa shi, an yi masa cin kaca, an yi masa wankin babban bargo, yau za a raba raini, ci ɗaya mai ban haushi, golanka kwando ne. Waɗannan namu ne, daga bakin masu labarin wasanni a rediyo da gidajen kallon ƙwallo suka fito. Muka yi dariya tare, allo ya cika.

Da muka ce, "To, saura," sai aji ya yi tsit. Aka fara kallon juna. Akwai saura, amma ba mai yarda ya rubuta su da hannunsa. Su ne masu taɓa uwa, da 'yar'uwa, da tsiraici, da ƙabila, da launin fata. Yawancinsu da Turanci suke. Ga abin mamaki: yaron da ba zai taɓa yin daƙuwa a gaban babba ba, wanda in ashar ta suɓuce masa sai ya rufe baki da hannu, shi ne zai faɗi abin da ya fi ta muni da Turanci ba ko ƙifta ido, domin a kunnensa ƙara ce kawai. Baƙon harshe ba shi da nauyi a bakin wanda bai san shi ba, amma nauyinsa yana nan yana jiran wanda zai fassara. Mun taɓa jin wani yaro, baƙi wuluk kamarmu, yana jifan ɗan'uwansa da kalmar da aka riƙa ƙasƙantar da bayi baƙar fata da ita a Amurka. Da muka gaya masa tarihinta, sai ya tsaya yana kallonmu kamar mun yi masa ƙarya.

BA YAU AKA FARA BA

Wani dattijo zai ce, "Ai mu a zamaninmu ba a yin haka." Baba, a yi mana gafara, ana yi. Bahaushe bai taɓa yin gasa baki rufe ba.

Ku tuna da kaka, in an gama girbi, an share fili, kalangu ya ɗauka. Ɗan dambe yakan fito da hannu ɗaure, ya ɗaga shi sama ya yi kirari, ya kira kansa da sunayen da ko zaki zai ji kunyar amsawa. Makaɗa suna zuga shi, suna yi wa abokin karawarsa habaici. Wanda ya taɓa jin yadda Ɗan Anace yake wasa Shago ya san abin da muke nufi. Kalmomin damben ma masu ban tsoro ne: in an kai mutum ƙasa sai a ce an kashe shi, ga shi kuwa zai tashi ya kaɗe jikinsa. Ku tuna kuma da dara a gindin tsamiya, gurbi talatin, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, tsofaffi masu furfura suna ta ce wa juna, "Tashi ka ba masu hannu wuri," ko "Yau ma a gida za ka ce kanka ke ciwo." Mu ma da muke yara mun yi a langa, mun yi a ƙwallon tsumma.

Bayan wannan ga wasan taubasai. Ɗan mace da ɗan namiji suna iya gaya wa juna maganar da in wani ne ya faɗa sai an je gaban mai unguwa. Jika ya tsokani kakarsa, ita kuma ta ce wannan mijin nata rago ne, bai iya cefane ba. Mu Kanawa muna yi da Zazzagawa, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarabawa, Fulani da Barebari. Al'umma ce ta zauna, cikin hikimarta, ta buɗe wa zolaya ƙofa, domin ta san in ba a bar zuciya ta yi atishawa ba, za ta yi tari.

Ba za mu ce dandalinmu na dā tsarkakakke ne ba. An yi ashar, an yi zambon da ya kori mutum daga gari, an fasa kai. Amma in ka duba da kyau za ka ga wasan yana da shinge. Da fari dai an san juna. Taubashinka ya san iyakar da zai tsaya, ya san an yi maka rasuwa bara, ba zai bi ta nan ba. Ga manya a wurin, wanda ya wuce gona da iri akwai mai tsawata masa nan take. Kirari kuma kanka kake yabo, ba iyayen wani kake ci wa mutunci ba. Zolayar dara hannunka take taɓawa, ba asalinka ba. Abin da ya fi duka, mai cika baki ya san zai shiga fili, jikinsa zai biya abin da bakinsa ya ci bashi. Yaranmu na makarantar Lahadi sun san labarin Goliyat, wanda ya yi kwana arba'in yana fitowa safe da yamma yana yi wa rundunar Isra'ila ba'a. Ko ba komai shi a fili ya tsaya, kowa ya ga fuskarsa, kowa kuma ya ga ƙarshensa. In an tashi daga dambe kuwa, wanda ya yi kisa da wanda aka kashe sukan rungumi juna, wataƙila ma mota ɗaya za su shiga zuwa gari na gaba.

INDA BA ƘASA

Hausawa suka ce inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Kamar don intanet aka yi wannan karin magana. Wanda yake zagin ɗanka a cikin waya ba shi da fuska, sunansa ma na aro ne. Bai san ɗanka ba, ba zai haɗu da shi a kasuwa ba, ba babban da zai ja masa kunne, ba abin da zai same shi. Ya kashe waya ya kwanta. Don haka yakan faɗi iyakar munin da ya iya. Yaro kuwa, da yake jin wannan dare da rana daga bakin waɗanda suka fi shi iya wasa, sai ya ɗauka haka gwanaye suke magana, kamar wani ɓangare ne na gwanintar. Daga nan sai ya ɗauko maganar daga wurin da ba ƙasa, ya kawo ta Rano, inda akwai ƙasa, akwai fuska, akwai uwa mai suna, akwai kuma gonaki masu iyaka ɗaya. Abin da ya sami yaranmu biyu ke nan.

Kada wani ya ce yara ne kawai ba su iya ɗaukar magana. A ranar 9 ga Yuli 2006, a birnin Balin na Jamus, ana wasan ƙarshe na cin kofin duniya tsakanin Faransa da Italiya. Zinedine Zidane, gwanin gwanaye, yana buga wasansa na ƙarshe a rayuwa. Cikin ƙarin lokaci Marco Materazzi na Italiya ya faɗa masa magana a kan 'yar'uwarsa. Zidane ya juyo ya tunkuye shi a ƙirji, aka ba shi jan kati, ya fita ya wuce kofin bai dube shi ba, Italiya ta ci a bugun fenareti. Babban mutum mai 'ya'ya, duniya duka tana kallo, kalma ɗaya ta kwance masa kai. Kafin wannan, a 1975, Muhammad Ali, wanda ba a yi mai baki kamarsa a damben Turawa ba, ya riƙa kiran Joe Frazier goggon biri kafin karawarsu a Manila. Daga baya Ali ya ce don tallar wasa ya yi. Frazier kuwa ya yi shekaru masu yawa yana ɗauke da ciwon a zuciya. Ga mai faɗa wasa ne, ga mai ji ba wasa ba ne.

A cikin gem ɗin kansa ma an yi wanda ya fi wannan. A watan Disamba na 2017, a Amurka, wasu samari biyu suka yi cacar baki a wasan Call of Duty a kan caca ta dala ɗaya da rabi. Ɗaya ya yi barazana, ɗayan ya ce in ka isa ka zo, ya ba shi adireshin gidan da ba a nan yake zaune ba, a garin Wichita. Sai na farkon ya sa wani ya buga wa 'yan sanda waya da labarin ƙarya, wai an yi kisa a gidan ana kuma tsare da mutane. 'Yan sanda suka kewaye gidan. Wani magidanci ɗan shekara 28, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ya buɗe ƙofa ya ga me ke faruwa, aka harbe shi ya mutu. A 2019 aka yanke wa wanda ya buga wayar ɗaurin shekara 20. Dala ɗaya da rabi!

Kamfanonin sun san da wannan ciwo. A cikin kusan kowane wasa akwai wurin da za ka latsa ka toshe muryar mai zagi, da wurin kai ƙararsa. A 2023 masu Call of Duty suka sa wata na'ura mai sauraron muryoyin 'yan wasa tana tsamo masu zagi domin a hukunta su. Da Turanci aka fara ta. Ko da wata rana ta koyi Hausa, za ta iya kama ashar, amma yaya za ta gane habaici? Yaya za ta san wannan taubashina ne, wancan kuwa baƙo? Wannan aiki ne na wanda ya san mutanen, watau mu.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu musamman, mu mazauna wannan yanki, ba kuwa za mu ɓoye shi ba. A gidan gem, ɗanmu da ɗan maƙwabcinmu Musulmi benci ɗaya suke zama, fad ɗaya suke karɓa daga hannun juna. Wannan abu ne mai kyau, har muna cewa ya fi wasu tarurrukan manya amfani. Amma in zuciya ta tashi, harshe yakan nemi inda ya fi zafi, kuma kowa ya san inda ya fi zafi a ƙasar nan. Kalma ɗaya a kan addinin wani, ko sunan raini da ake kiran wasu mutane da shi, ko daga wane gefe ta fito, ba ta tsayawa a ɗakin. Yanzu kuwa waya tana naɗar murya, tana ɗaukar hoton rubutu, kafin yaro ya iso gida maganarsa ta riga shi. Duk wanda ya yi shekara arba'in a jihar Kano ya san abin da ƙaramar magana ta taɓa jawowa. Magana zarar bunu ce. Saboda haka muka gaya wa yaranmu a fili: ku yi wa golansa dariya, ku yi wa hannunsa dariya, amma uwarsa, da jikinsa, da ƙabilarsa, da addininsa, waɗannan ba sa cikin wasa. In wani ya taɓa naku, ku ajiye fad ku fito, ku zo ku gaya wa babba. Asarar kuɗin gem ɗaya ba ta kai asarar unguwa ba.

Wata uwa ta ce mana a wurin zumuntar mata, "Malam, ni da ban yi boko ba, yaya zan san abin da yake faɗa?" Muka ce, Mama, ba sai kin iya Turanci ba. Ki ce masa ya cire abin kunnen, ya bar muryar ta fito kowa ya ji, a tsakar gida, ba a ɗaki ba. In kin ji wata kalma tana yawan fitowa daga bakinsa, ki ce ya faɗa miki ita da Hausa. In ya faɗa yana dariya, ku yi dariya tare. In ya kasa, ya fara sosa ƙeya, to, kin sami amsarki, shi ma ya samu. Mun gwada wannan a aji, ba mu ga abin da ya fi shi aiki ba, har da bulala. Iyaye maza kuma, ba laifi ba ne in kun je Rano ku leƙa gidan gem ɗin, ku gaisa da mai wurin, ku ɗan zauna. Zaman babba ɗaya a bakin ƙofa yakan gyara bakin samari ashirin. Sai dai wanda ke surfa ashar a gidan kallon ƙwallo duk ranar da aka ci Arsenal, ɗansa yana gefe, ya fara gyara nasa tukuna.

Mu koma ga yaranmu biyu. Mun je wurin mahaifin wanda ya yi maganar, muka kwashe labari muka gaya masa. Ya yi shiru, ya ce shi ya ɗauka maƙwabcinsa yana fushi ne a kan shanun da suka shiga masa wake. Da yamma ya tasa ɗansa a gaba har gidan. Yaron ya durƙusa gaban matar ya ce, "Inna, na yi laifi, ki yafe mini." Ta dube shi ta ce, "Wane laifi, ɗana?" Ashe ɗanta bai taɓa gaya mata abin da aka faɗa ba, ya haɗiye shi shi kaɗai har mako uku. Ba wanda ya iya maimaita mata. Ta ce, "To, ko mene ne, ya wuce. Tashi. Ka ci tuwo?"

Abokin bai sauko da sauri haka ba. Ya ƙara kwana goma kafin ya koma bencinsu, ko da ya koma ma sai ya ajiye jakarsa a tsakani. Iyayen sun koma gaisuwa sosai, ko da yake maganar wake tana nan ba a gama ta ba. Kwanan baya muka ji sun sake zuwa Rano, wannan karon wanda aka yi wa shida shi ya ci, biyu da ɗaya. Muka tare shi a bakin aji muka ce, "To, da ka ci me ka ce masa?"

Ya yi murmushi ya ce, "Na ce masa golansa kwando ne, Malam."

"Shi kuma fa?"

"Ya ce lag ne." Ya tuntsire da dariya. "Malam, talabijin ɗaya muke kallo, ko intanet babu a wurin."